Ziyara Ko Kallo?

Duk lokacin da hutun ƙarshen zango ya ƙarato, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ɗakunan kwanan ɗalibai, watau ina ne ya fi cancanta mutum ya je in ya sami hali. Wannan ya ce Yankari, wancan ya ce Argungu lokacin bikin kamun kifi, wani kuma, wanda abin da ke aljihunsa ko Wudil ba zai kai shi ba, sai ya ce shi in ba Dubai ba gara ya zauna gida. Ni ma na sha tsoma baki, kuma kullum Yankari nake zaɓa. Amma tun daga wani abu da ya same ni a hutun bara na lura cewa dukanmu tambaya guda muke amsawa, watau wane wuri ne zai fi ba ni daɗi. Akwai ta biyu wadda ba mu taɓa yi wa kanmu ba. Mutanen da ke zaune a wurin fa, mene ne rabonsu a cikin wannan daɗi da nake ji? A kan wannan ne nake roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa.

Bari mu fara da harshe, tun da shi ne abin da muka zo koya. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, kuma kowace irin tafiya ya ba ta suna. Akwai fatauci, akwai cin rani, akwai tafiyar neman ilimi, akwai yawon duniya wanda ba a cika yabon mai yin sa ba, sa'an nan akwai ziyara. Idan muka duba ziyara za mu ga ba ta yiwuwa sai da mutum biyu, mai zuwa da wanda aka zo wa. Akwai sallama a cikinta, da gaisuwa, da tsaraba, da rakiya, shi ya sa aka ce zumunci a ƙafa yake. To, amma tafiyar da muke gardama a kanta sunanta yawon buɗe ido, kamar yadda muka fi ji a bakin 'yan jarida. Mai karatu ya dubi wannan suna da kyau. Babu kowa a cikinsa sai mai idon. Abin da za a kalla, dutse ne ko giwa ko ɗan Adam, duk matsayinsu ɗaya, abin kallo ne kawai.

Ga abin da ya same ni. Na raka wani abokina baƙo zuwa marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda ake cewa tun shekarar 1498 ake rini a cikinta. Wuri ne da ya cancanci gani ƙwarai. Ramuka ne jere a ƙasa, ana haɗa baba da toka da katsi a cikinsu, a bar su kwanaki har su nuna, sa'an nan marini ya zauna bakin ramin yana tsoma zane yana ɗagawa, domin sai iska ta bugi zanen launin shuɗi ke kama shi. A kusa kuma ga mabuga suna dukan zane bisa gungume har ya yi ƙyalli. Irin wannan sana'a ce ta sa Bature Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin nisan ƙasashen da tufafin birnin ke kaiwa. Yau kuwa da yawa daga cikin ramukan sun bushe, babu mai aiki a cikinsu.

Da isarmu na ga wani dattijo a bakin raminsa, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu. Ban yi wata-wata ba na zaro waya, na durƙusa, na ɗauke shi hoto har sau uku. Bai ɗago ba sai da na gama. Sa'an nan ya ce, "Samari, daga wace ƙasa?" Na ce, "Baba, ai ni ɗan gida ne." Ya ce, "Af, na zaci daga nesa kake, inda ba a sallama." Ya koma kan aikinsa. Babu zagi, babu ɗaga murya, amma na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi. Da a unguwarmu ne, ba zan taɓa wuce sa'an kakana ban rusuna ba. Me ya sauya ni? Babu abin da ya sauya sai niyyar da na fito da ita daga gida. Na fito kallo, saboda haka duk abin da na tarar ya zama abin kallo, har da dattijon.

Wani zai ce wannan ai rashin ladabi ne na mutum guda, a yi sallama magana ta ƙare. Da ma a ce haka ne. Sallama ita ce mafi sauƙin abin da ake bin mai kallo, akwai bashin da ya fi ta nauyi, kuma a Yankari, wurin da na fi so, na fara ganin sa.

Ba na jin akwai wanda zai shiga ruwan Wikki da dare ya fito bai so wurin ba. Ruwa ne garai-garai mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, kana ganin farin yashin da ke ƙasa, itatuwa sun yi masa rumfa. Da safe kuma a ɗauke ka a mota a bi gefen kogin Gaji, ka ga ɓauna da gwanki da gwambaza, in kana da sa'a har da garken giwaye. Birai kuwa ba sai an neme su ba, su ne za su neme ka, in ka yi sakaci da ƙofar ɗaki su raba ka da guzuri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu zuwa kallo a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,000.

To, a hanyarmu ta dawowa, cikin motar haya, muna ta ɗokin giwayen da muka gani, sai wani manomi da ke zaune kusa da ni ya yi dariya, ya ce, "Ku kun biya kuɗi kun gan su, mu kyauta suke zuwa mana." Ashe ƙauyensu yana bakin dajin ne, kuma da kaka giwaye kan fito su shiga gonaki. Abin da mutum ya yi damina guda yana wahala a kansa, dare ɗaya ya ishe su. Ba shi da ikon taɓa su domin doka ta hana, kuma dokar tana da hujja, gama giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya, har an sha rasa rayukan masu gadin dajin a hannun maharba. Amma a dubi yadda aka raba abin. Ni na sami daɗi da hoto, ƙasa ta sami abin alfahari, shi kuma ya sami rumbu wayam. Giwa guda ce, amma ni na kira ta abin sha'awa, shi ya kira ta masifa, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Da dawarsa aka ciyar da abin da na je kallo, ko sunansa kuwa ban sani ba.

Haka abin yake game da gine-ginen ƙasa, sai dai a nan laifin ya fi kusa da mu 'yan boko. Mu ne masu kukan cewa ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta a ƙarni na 12, tana zubewa, mutane suna ɗibar ƙasarta suna gina gidaje a kanta. Mu ne masu baƙin ciki idan muka ga an rushe tsohon soro mai zanko an yi na siminti da kwano. Kukan gaskiya ne, ni ma ina yin sa. Amma wane ne a cikinmu yake fatan in ya gama karatu ya zauna a gidan da sai an yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, wanda azararsa gara ke ci, wanda in an yi kwana biyu ana ruwa mai gida ba ya barci? Muna son gidan ya dawwama, amma wani ne zai kwana a ciki. Muna son marini ya ci gaba da tsoma hannu a rami, amma rigar da ke jikinmu ta kanti ce. Ashe ke nan abin da muke nema shi ne waɗansu mutane su tsaya cik inda kakanninsu suka tsaya, domin mu da muka wuce mu sami abin waiwaya lokacin hutu. Ban ga yadda za a kira wannan adalci ba.

Da na kawo nan a tunanina, sai na ce to ko dai mutum ya zauna gidansa ne ya fi? Wannan ma ba mafita ba ce, kuma abin da ya faru a Agadas ta Jamhuriyar Nijar ya isa shaida. Garin yana da masallacin nan mai hasumiyar ƙasa zalla, tsawonta mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka kuma sabunta a 1844, har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Shekaru da dama Turawa suna tururuwa can domin ganin duwatsun Azbin da rairayin Tenere, kuma da kuɗinsu maƙeran azurfa da dukawa da direbobi da 'yan jagora suke ci da iyali. Da tawaye ya ɓarke a 2007, aka kuma sace waɗansu baƙi ma'aikata a Arlit a 2010, sai ƙafa ta ɗauke. Mutanen gari ba su yi murnar hutawa da masu kallo ba. Kasuwar masu sana'ar hannu ta faɗi, direbobi da yawa da suka san hanyoyin hamada suka koma jigilar 'yan ci rani zuwa Libiya. Saboda haka mai kallo, duk da rashin ta-idonsa, yana riƙe da wani abu da in ya saki ake jin jiki. Ko dattijon nan na Ƙofar Mata, da za a tambaye shi, ba cewa zai yi a daina zuwa ba.

Abin da na fahimta dai shi ne mun ɗauki ma'aunin da bai cika ba. Idan muna jera wuraren da suka cancanci zuwa, kyau muke aunawa, da tsufa, da nisa, da yadda hoton zai burge abokai. A nawa ganin akwai abin da ya kamata ya shiga mudun, watau ko zuwan nawa yana ƙara wa masu riƙe da wurin wani abu, ko kuwa ɗauka kawai nake yi. Kowane wurin da muke yabo wani ne ke ɗauke da shi. Hasumiya ba ta tsaya shekaru ɗaruruwa don kanta ba, hannuwa ne ke mayar mata da ƙasar da ruwa ya wanke. Masuntan Argungu da muke kallo suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, sauran kwanakin shekara ma a ruwa da gona suke neman abinci, lokacin da babu mai tafa musu. In mutum ya san haka, to ya zama wajibi ya shiga wurin kamar yadda ake shiga gidan mutane: ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, ya tambaya ya saurara, ya sayi abin hannunsu ba tare da tayin wulaƙanci ba. In kuma yana cikin masu faɗa a ji, ko zai zama nan gaba, kamar yadda da yawa daga masu karanta wannan mujalla za su zama, ya tuna cewa kuɗin ƙofar da ake karɓa akwai mai gonar da ke da haƙƙi a ciki.

Na san akwai mai cewa na mai da hutu wa'azi, mutum ya gaji da karatu ya fita ya sha iska, sai kuma a ɗora masa nauyin duniya? Ina da amsa guda, kuma daga abin da na gani ne. Kashegari na koma Ƙofar Mata ni kaɗai, na yi sallama, na tsuguna, na ba dattijon haƙuri. Ya ce ba komai, ya matsa mini gefen buhun da yake zaune a kai. A cikin sa'a guda na ji abin da hoto dubu ba zai gaya mini ba: yadda ake gane rami ya nuna ta kumfarsa da warinsa, da abin da ya sa ake ɗaure zane da zare kafin a tsoma, da yadda rinin bature mai araha ya janye masu saye, da cewa a cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya yarda ya gaje shi, shi kuma bai ga laifinsu ba. Ranar farko na ga rami da tsoho. Rana ta biyu ce na ga marina, kuma ta fi ta farko daɗi nesa ba kusa ba.

Na sayi zane guda a wurinsa, na kai wa mahaifiyata tsaraba. Manomin Yankari kuwa ya sauka a wata mararraba tun kafin mu kai Bauchi, da buhunsa a kai, ban ko tambaye shi sunan ƙauyensu ba, kuma har yanzu in aka tambaye ni wurin da na fi so, Yankari nake cewa.