Aibin Babur Da Haƙƙin Wanda Ya Ji Rauni

A Nasarawan Doya da sauran garuruwan ƙasar Makarfi babur ne dokin talaka. Amma idan birki ya tsinke, mutum ya karye, sai a ce ƙaddara ce, a rufe magana.

Imani da ƙaddara wajibi ne, sai dai ba ya kayar da haƙƙi. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid kuwa ta ɗora wa mahayi lamunin abin da dabbarsa ta taka, lallai ɗan acaɓa ya lura da wannan. Diyyar ƙafar da ta salwanta rabin diyyar rai ce.

A Japan da Amurka kamfani kan janye baburansa masu aibi ya gyara kyauta. A Nijeriya ma dokar kare masu saye ta 2018 ta ba da ikon mayar da kaya mai lahani.

Saboda haka wanda ya ji rauni ya nemi shaidu da takardar likita, ya tafi gaban alƙali. In ya yafe bayan ya san haƙƙinsa, ladansa na wurin Allah. Allah Ya kiyaye bayinSa, amin.