Wuta ta Kowa Ce, Itacen Fa?

Jin ɗumi da wutar itace tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A Kano da Maraɗi, idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ana shigar da kasko ɗaki da dare, da asuba kuma almajirai su kewaye ƙiraren da suka haɗa. Abijan, babban birnin kasuwancin Kwaddibuwa, ba ta san irin wannan sanyi ba, domin tana bakin teku kuma hunturu yana iso ta ne a gajiye. Amma wutar itace da gawayi ba ta mutuwa a cikinta. A Adjamé da Treichville, inda Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe da zama, tana ci a tukubar mai tsire da murhun mai abinci, kuma maigadi a gefen mararrabar Indénié yakan miƙa tafukansa kan kurfoti kafin kiran assalatu. Tambayar da wannan wuta ke tayarwa ta addini ce: wa ke da haƙƙi a kanta, kuma wa zai ɗauki nauyin abin da take ci?

Alƙur'ani ya ambaci wuta cikin ni'imomi. A Suratul Waƙi'a an ja hankalin mutum ga wutar da yake ƙyastawa da bishiyar da take fitowa daga gare ta, aka bayyana ta a matsayin tunatarwa da kuma abin amfani ga matafiya. Ƙarshen Suratu Yasin ma ya yi nuni ga fitar wuta daga ɗanyen itace. A duka wuraren biyu, ba a raba wuta da bishiya ba.

A hadisin da Abu Dawud da Ibn Majah suka ruwaito, an nuna cewa Musulmi suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Malamai sun fassara tarayyar wuta da cewa ba a hana mutum haskenta, ko ɗuminta, ko kunna tasa daga gare ta. Hausawa sun rayu da wannan hukunci tun kafin ashana ta wadata. Yarinya takan shiga gidan maƙwabta da tsingaro a hannu, uwar gida ta tone toka ta zaƙulo mata garwashi biyu, ta fito tana hurawa a hankali kada su mutu kafin ta kai gida. Ba a taɓa sa wa wannan farashi ba.

Itace kuwa hukuncinsa daban ne. Wanda ya yi itace a dajin da ba mallakar kowa ba, ya zama nasa, yana da damar sayarwa. Bukhari ya ruwaito cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙo. Saboda haka mai gawayin da ke auna wa mata a ƙaramar roba a lungunan Adjamé, jikinsa baƙi ƙirin har gira, yana cin halalinsa ne.

Sai dai wannan halaccin ya ginu ne a kan dajin da yake mayar da abin da aka ɗiba. A farkon ƙarni na 20, dazuzzukan Kwaddibuwa sun kai kimanin hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna saura kusan miliyan 3. Adalci ya wajabta a faɗi cewa gonakin koko ne suka cinye mafi yawa, sannan masu yankan katako. Gawayi yana da nasa kaso duk da haka, domin a ramin ƙona gawayi na gargajiya kilo 5 zuwa 10 na itace ne ke ba da kilo ɗaya, kuma Abijan, birni mai mutum fiye da miliyan 5, tana dafa abinci kullum. A nan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, take shiga. Abin da yake halal ga mutum ɗaya yana iya zama cuta idan dubbai suka yi shi a wuri ɗaya, kuma waɗanda cutar za ta fi samu jikoki ne da ba su da bakin magana a yau.

Shari'a ta san maganin irin wannan, wato hima, filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Dajin Banco da ke maƙwabtaka da Adjamé, mai faɗin hekta sama da 3,000, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1953, yana kama da haka, kuma satar itace a cikinsa cin haƙƙin jama'a ne. Amma umarnin da Umar ya ba mai tsaron himarsa, Hunayyu, shi ne abin lura. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare dabbobin Ibn Auf da Ibn Affan, domin su attajirai ne masu gonakin da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da madogara. Kariyar daji da ta fara da bazawara mai dafa wake, ta kau da kai daga mai motar katako, ta juya wannan umarni a baibai.

Don haka nauyin ba ɗaya ba ne a kan kowa. Magidancin da ke da halin sayen tukunyar gas, wadda gwamnatin Kwaddibuwa ke tallafa wa farashinta, uzurinsa na ƙona buhun gawayi ya yi rauni. Wanda sai ya samu na yau yake sayen gawayin yau, abin da ke kansa shi ne tattali: ya rufe tukunya, ya kare murhu daga iska, ya kashe ragowar garwashi ya ajiye don gobe.

Akwai kuma haƙƙin rai a cikin ɗaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da nauyin jiki, har mutum ya wuce cikin barci. Wanda ya ji ɗumi da kasko, a Sakkwato yake ko a Treichville, ya fitar da shi waje kafin ya kwanta, kuma ya bar taga a buɗe muddin garwashin yana ciki.