Keken Tsofaffi: Taimako Ne, Ko Kuwa Abin Kunya?

Ya 'yan'uwa, akwai wata magana da ta dame mu a Unguwar Kanawa ta Kaduna, muna so mu kawo ta gabanku. Tun rikicin shekara ta 2000 masu bi da yawa suka ƙaura zuwa ƙetaren kogi, wajen Sabon Tasha da Narayi. Samari suka tafi, amma waɗansu iyaye suka ƙi barin gidajen da suka gina da guminsu. Yanzu ga shi sun tsufa ƙwarai, zuwa sujada ran Lahadi ya zama musu wahala.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, takan fito da sandarta, ta yi rabin hanya, sai numfashi ya gaza, ta zauna a dakalin wani. Keke Napep kuwa ba ya shiga lungunsu. Ran nan wani yaro mai kirki ya turo baro domin ya ɗauke ta. Ta dube shi ta ce, "Jikana, ni ba buhun masara ba ce." Ta koma gida, sati uku ba mu gan ta ba.

To, wa ke da laifi? Yaron ya yi nufin alheri. Tsohuwar kuwa mutuncinta ta ke tsaro. A ganinmu laifin na baro ne, gama domin kaya aka ƙera shi. Wanda ya ke so ya taimaki mutum, wajib ne ya tuna da ƙafarsa, ya tuna da fuskarsa kuma.

A Amurka a shekara ta 1933 wani mai suna Harry Jennings ya ƙera kujera mai taya wadda a kan naɗe, da bututun ƙarfe marar nauyi, domin abokinsa Herbert Everest wanda ya karye a baya cikin aikin haƙar ma'adini. Ya fara da duban abokinsa, sa'an nan ya dubi ƙarfe. Mu ma haka muka yi. Muka zauna da tsohuwar da wani mai walda, muka tambaye ta abin da ta ke so. Ta ce, "Kada ku ƙwace mini tafiyar da ta rage mini."

Saboda haka aka shirya keken bisa ga maganarta. Yana da marikin da za ta dafa ta tura da kanta, ya zama mata kamar sanda. Sa'ad da ta gaji sai ta zauna, wani ya karɓi turi. An sa masa tayoyin keke manya saboda yashi da laka, da birki, da wurin sa ƙafa. Ba shi da nauyi, yarinya ma tana iya tura shi. An kuma ɗaga mazaunin, domin ta gaisa da mutane fuska da fuska.

Amma akwai haɗari biyu. Na fari namu ne, mu masu ƙarfi: kada mu ce mun sayi ƙarfe, mun sauke nauyinmu. Ƙarfe ba ya gaisuwa, ba ya tambayar kwana. Ku tuna da shanyayyen nan na Kafarnahum cikin Markus sura 2. Shimfiɗarsa ba ta kai shi gaban Yesu ba, mutum huɗu ne suka kai shi, har suka buɗe rufin ɗaki dominsa.

Na biyu naku ne, iyayenmu. Kada ku ce karɓar taimako abin kunya ne. Wane ne a cikinmu ba a goya ba? Kun ɗauke mu sa'ad da ba mu da ƙafa, ba mu ji kunya ba. In kun hana mu ɗaukarku yau, kun hana mu biyan bashi, kun kuma hana ekklesiya shawararku, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa.

Tsohuwar nan ta komo sujada. Takan tura kekenta har bakin titi, sa'an nan ta zauna. Bari kowace ekklesiya ta ƙidaya tsofaffinta waɗanda suka daina zuwa, a bi su gida, a tambaye su dalili kafin a kira mai walda.