Asabar Ta Cika, Zumunci Ya Rame

Duk mai aikin gwamnati a Birnin Kebbi ya san Asabar da Lahadi sunan hutu kawai suke amsawa. Tun ranar Laraba katunan gayyata ke fara shigowa waya: ɗaurin auren ɗiyar abokin aiki a Gesse, suna a Badariya, addu'ar bakwai a Ambursa, taron tsofaffin 'yan aji a Argungu. Ma'aikacin da ya baro sakatariyar Gwadangaji ranar Juma'a zai kwana yana lissafin yadda zai raba ƙafa. Da safe ya zura babbar riga, ya hau babur ko ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya isa wurin farko, ya ba ango hannu, a ɗauki hoto, ya sulale tun ba a gama rabon goro ba. Haka zai yi ta yi har magariba, ya dawo gida liƙis, ransa fes, yana jin ya sauke nauyin zumunci.

A ganina ko rabin nauyin bai sauke ba. Ba raina halartar taro nake yi ba. Amsa gayyata da rakiyar gawa da gaida mara lafiya haƙƙoƙi ne da addini ya ɗora wa Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma wanda aka yi wa rasuwa ba ya manta fuskokin da ya gani a ƙofar gidansa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin wannan kai-komo na ƙarshen mako biyan bashi ne. Ka zo nawa, in zo naka. Mata sun fi mu sanin wannan lissafi, domin kowace tana riƙe da shi a ka: wance ta kawo mini atamfa ranar sunan ɗana, dole in ninka mata ranar auren ɗiyarta. Akwai hadisi a Bukhari da ya raba gardama a kan wannan. Ma'anarsa ita ce mai rama alheri da alheri bai kai matsayin mai sada zumunci ba tukuna, sai wanda ke neman ɗan'uwan da ya yanke shi.

In aka auna mu da wannan ma'auni, sai a ga waɗanda muka bari a baya. Su ne mutanen da ba su da wani sha'ani da za a buga masa kati. Gwaggo da ta aurar da autarta shekaru da yawa da suka wuce, tana zaune a cikin tsohon gari ita da jika ɗaya. Kawu da idonsa ya yi rauni har ya daina fita masallacin asuba. Matar yayanka marigayi, wadda gidanta ya cika maƙil kwanakin zaman makoki, amma tun da ta fita takaba ƙafa ta ɗauke. Taron da ya rage wa irin waɗannan shi ne na jana'izarsu, kuma ranar za mu zo, mu cika layi da motoci.

Je ka gidan irin wannan gwaggo ranar Asabar da hantsi, ba tare da wani dalili ba, ka ji abin da za ta fara faɗa. Za ka yi sallama, ta ɗago daga tsintar shinkafa a faifai, ta kare ido da hannu ta dube ka, sai ka ga fuskarta ta canza.

"Lahiya dai, ɗan nan? Wani abu ya hwaru?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Gaishe ki kawai na zo yi."

Ba za ta yarda nan take ba. Sai ta tambayi mahaifinka, ta tambayi matarka, ta bi yaranka ɗaya bayan ɗaya da sunansu, sannan hankalinta ya kwanta ta aiki jikar ta ɗebo ruwan randa. Wannan firgita tata abin kunya ne a gare mu. Mun saba mata da cewa fuskar ɗan ɗan'uwanta ba ta bayyana a ƙofa sai da labarin mutuwa. Idan ka daure ka zauna, ka ajiye waya a aljihu, ka sha furar da ta dama, za ka ji abin da ba a faɗa a wurin biki: cewa rufin ɗakinta na yoyo tun daminar bara, cewa maganin hawan jininta ya ƙare, cewa wane da wane a dangi ba sa ga maciji. Ba a samun irin wannan labari a tsaye. Sai an zauna, an yi shiru, hira ta mutu ta sake tashi.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a garinmu maganar tana da hujja a ƙasa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Gwadangaji gari ne mai zaman kansa a gefen Birnin Kebbi. Da birnin ya zama hedikwata sai ofisoshi da sababbin unguwanni suka yi ta cin fili har suka haɗe su. Dangi da suka tashi a gida ɗaya suka warwatsu, wannan ya yi gini a nan, wancan ya kama haya a can. Tazarar ba ta kai ta kawo ba, amma mun mai da ita uzuri. Mai babur kan wuce ƙofar gidan ƙanwar mahaifiyarsa sau da yawa a mako, ya danna oda, ya ɗaga hannu. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wannan damar. Dole ya tsaya, ya rusuna, ya amsa tambayar gida da ta aiki, a ja shi zuwa zaure.

Na san bazarar Kabi ba wasa ba ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ba wanda zai ce a ja yara a rana tsaka. Amma daga sallar asuba zuwa hantsi akwai sanyi, bayan la'asar ma akwai sauƙi. A daidai wannan lokaci ne manoman rani ke gangarawa fadama a kan kekuna, da jarkar mai ta injin ban ruwa ɗaure a baya, domin shinkafa ba ta jiran rana ta yi sanyi. Keken da ke kai mutum gonarsa kullum zai iya kai shi ƙauyen kakanninsa ranar Lahadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, gaskiya ne, kuma mutane da yawa sun rage zirga-zirga. Sai dai in ka duba da kyau, ziyarar tsofaffi aka fara yankewa, bukukuwan manya kuwa ba a fasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Uba ya fita tun safe shi kaɗai, uwa ta tafi wuni da ƙawayenta cikin anko, yara suna gida da talabijin da waya. Yaron da bai taɓa bin mahaifinsa a ƙafa zuwa gidan dangi ba, ta ina zai san su? A irin wannan tafiya ce ake nuna masa: nan ne gidan da kakanka ya tashi, waccan rijiyar ita muke ja muna yara, wannan tsohon da za mu gaisar shi ya riƙe ni lokacin da na zo makaranta. Yana ganin mahaifinsa, wanda ake tashi tsaye dominsa a ofis, ya cire takalmi ya durƙusa gaban wata tsohuwa. Ba malamin da zai koya masa wannan a aji. Ranar da uban ya kwanta dama, ɗan da aka yi yawo da shi ya san ƙofofin da zai bi.

Wasu kuma kunya ce ke hana su. Sai ka ji mutum ya ce ba zai je hannu rabbana ba, bari albashi ya shigo. Albashi ya shigo ya ƙare, a ɗaga zuwa wata mai zuwa, har shekara ta zagayo. Goro na 'yan kuɗi kaɗan ko ledar mangwaro, in lokacinsa ne, sun wadatar. Tsohuwar da ta yi maka wanka kana jariri ta riga ta san ƙarfin aljihunka.

Mafi wuyar zumunci shi ne zuwa inda aka ɓata, kuma a nan mutanen wannan kwari na Rima suna da abin koyi a tarihinsu. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Daga baya Kabawa suka kafa sabuwar cibiya a Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. An zubar da jini, an ƙone garuruwa, kowane ɓangare yana da mamatan da yake tunawa. Duk da haka a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso daga Sakkwato ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya babban su domin girmama baƙo. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban masunta da ke rugawa cikin kogin Matan Fada da koma da gora suna tuna ranar da babba ya tako zuwa gidan abokin gabar kakanninsa.

Mu kuwa gabarmu ba ta kai ko kusa da wannan ba. Sau da yawa rabon gado ne, 'yar gona a fadama da darajarta ta tashi tun da shinkafa ta yi kuɗi, ko maganar da matar wani ta faɗa a gidan suna. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sukan haɗu a ɗaurin aure duk mako, su zauna a tabarma ɗaya, su shafa fatiha ɗaya, kowa ya kama gabansa. Taro yana ba su damar ganin juna ba tare da sun yi magana ba, shi ya sa suke iya shekara goma a haka. Kowa na jiran ɗayan ya fara: ƙane ya ce shi aka zalunta, wa ya ce shi ne babba. Wanda ya fara zuwa zai iya tarar da fuska a ɗaure, a amsa sallamarsa ciki-ciki, a bar shi a zaure ba ko ruwa, kuma wataƙila sai ya koma sau biyu ko uku kafin a tambaye shi lafiyar iyali. Ba ranar farko ake tayar da maganar gona ba. Wannan sai daga baya, a gaban kawu ko limamin unguwa, bayan yaran gidajen biyu sun fara shiga wurin juna.