Amanar Wa Ke Wuyan Mai Sayar da Inshora?

A Nijar, Kamaru da Chadi, dokar inshora ɗaya ce, ta ƙungiyar CIMA da aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Dokar ta bambanta mutum biyu: wakili, wanda kamfani ya naɗa yana sayar masa da hajarsa, da dillali mai zaman kansa, wanda ke iya kai mai saye duk kamfanin da ya fi dacewa da shi. Matasa kan tambaye ni a rediyo wanne ya fi kawo riba. Ni kuwa abin da nake tambayarsu shi ne: amanar wa za ka ɗauka?

Wakili bai ɓoye ubangidansa ba, sunan kamfanin na nan a ƙofar ofishinsa. Direban da ya shigo yankar inshorar mota ya san da wa yake ciniki. Dillali kuwa, da sunan mai saye yake aiki, amma la'adarsa daga kamfani take fitowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In wani kamfani ya fi ba da la'ada, wani kuma ya fi saurin biyan diyya, ina zai tura direban?

A ganina, wanda ya san ba zai iya barin la'ada mai tsoka saboda amfanin talaka ba, gara ya zauna wakili, kowa ya san matsayinsa. Wanda zai iya, ya buɗe ofishinsa. Ranar da mota ta yi haɗari tsakanin Maraɗi da Damagaram, direban zai koma wurinsa neman diyya, kuma a ranar ce za a tambaye shi amanar da ya karɓa.