Gwani Yana da Haƙƙin Sauya Hannu?

Akwai tambayar da kan taso duk inda masu sana'a suka zauna: mutum ya yi suna da abu ɗaya, jama'a sun saba, sai ya sauya hannu. Ya ci amanarsu ke nan? Bari mu ɗauko misali daga nesa, don kada wani ya ce da shi ake. Hukuncin kiɗa kuwa darasi ne na wata rana.

Larry Young baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a birnin Newark a 1940. Sana'arsa kaɗa ogan, abin kiɗan nan mai kama da fiyano da muke jiyo amonsa daga coci-cocin maƙwabta. Nasa na lantarki ne, ƙirar Hammond. Ya fara ne bisa sawun Jimmy Smith, jagoran masu wannan hanya. A 1965 ya ɗauki faifan Unity, wanda har yau masana kiɗan jaz ke sa shi a sahun gaba. Da ya so, da nan ya tsaya ya ci abincinsa har tsufa.

Bai tsaya ba. Ya yi aiki da Miles Davis da Tony Williams lokacin da suke gwama jaz da kiɗan matasa, kuma ya musulunta, ya ɗauki sunan Khalid Yasin. A 1973 ya fitar da faifan Lawrence of Newark. Ya tara maganga da yawa da jita mai lantarki, ga bugu mai nauyi irin na fonk, shi kuma ogan yana shimfiɗa amo a kansu kamar hazo. Ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen ma sunansa Saudia. Ƙaramin kamfani ne ya buga faifan, bai jima ba ya ɓace daga kasuwa. Young ya rasu a 1978 yana da shekara 37. Sai bayan ransa aka sake buga shi, aka shiga yabo.

To, masu cewa ya yi kuskure suna da hujja. Mai saye ya ba ka kuɗinsa ne saboda abin da ya san ka da shi, kuma Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma mu duba da kyau, mene ne cin amana a ciniki? Shi ne algus: ka zuba sabo a buhun tsoho, ka karɓi kuɗin tsoho. Young bai yi haka ba. Ya baje hajarsa a fili, wanda bai so ba ya wuce, asarar kuma a kansa ta faɗa.

Abu na biyu, bai bar tsohuwar hanya ba sai da ya gwanance a kanta. Nan ne bambancinsa da yaron da ya kasa koyon ɗinki, ya ce wai sabon yayi yake nema.

Saboda haka idan ɗanmu ya zo yana son sauya yadda ake gudanar da sana'ar gidansu, kada mu fara da tambayar ko zai samu kasuwa, domin kasuwa takan makara, kamar yadda ta makara wa Young. Mu tambaye shi abu biyu: ka iya ta iyayenka tukuna? Za ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunka? In ya amsa duka biyun, mu sa masa albarka, ya gwada.