Adalcin da Tsoron Asara Ya Haifa

A watan Fabrairu na 2024 labari ya fito cewa wata ma'aikaciya a ƙungiyar tseren motoci ta Red Bull, wadda ke Ingila, ta kai ƙarar shugabanta Christian Horner cewa ya nuna mata halin da bai dace ba. Shi kuwa ya musanta. Uwar kamfanin da ke Ostiriya ta ɗauko lauya daga waje domin ya bincika. Ana cikin haka sai Jim Farley, shugaban kamfanin Ford, ya rubuto wasiƙa yana kokawa da jan ƙafa da rashin bayani. Ford na da ta cewa, gama ya ƙulla yarjejeniyar ƙera injin tsere tare da su daga 2026. Ba a daɗe ba, ranar 28 ga watan, aka yi watsi da ƙarar. A Maris aka dakatar da matar daga aiki, a Agusta ɗaukaka ƙararta ma ta faɗi.

Ba namu ba ne mu shar'anta Horner, sau biyu bincike ya wanke shi. Abin tambaya shi ne: adalcin da aka yi don gudun ɓacin ran mai kuɗi, adalci ne?

Ikilisiya ta daɗe da bambanta nadama iri biyu, wadda ƙaunar Allah ta haifa da wadda tsoron hukunci ya haifa. Majalisar Trent ta koyar cewa ta biyun ma baiwar Allah ce, ko da ba cikakkiya ba. Saboda haka ban raina wasiƙar Ford ba. Sau da yawa da ba don irin wannan matsi daga waje ba, da kukan ƙaramin ma'aikaci ya mutu a cikin aljihun tebur, kuma Ikilisiya kanta ta koyi wannan da ciwo.

Amma tsoro ba ya iya zaman alƙali. Mai zuba kuɗi so yake a gama da wuri sunansa ya fita, alhali mai ƙara da wanda ake ƙara bukatarsu a gano gaskiya ne, ko da za a daɗe. Matsin da ke buɗe bincike yau, shi ne gobe zai sa a sadaukar da marar laifi, kamar yadda Bilatus ya yi sa'ad da aka ambata masa sunan Kaisar. A nan ma kamfanin ne ya zaɓi lauyan, kuma rahoton bai fito fili ba. Ko da aka sauke Horner a Yulin 2025, bayan shekara 20 yana shugabanci, sanarwar kamfanin ba ta faɗi dalili ba.